Tsakanin Haƙuri da "Allah Ya Isa": Kisa a Hannun 'Yan Sanda da Salon Fushin Jama'a a Ƙasar Dutse

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan yadda al'ummar Dutse da kewaye ke karɓar labarin mutuwar da ta auku a hannun jami'an tsaro, da dalilan da suka sa fushinsu bai cika kaiwa gaban alƙali ba. An ɗora bayanin a kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, aka kwatanta ta da kisan George Floyd a Amurka da zanga-zangar EndSARS ta 2020. Muƙalar ta nuna cewa shirun da ke biyo bayan irin wannan mutuwa yana da tushe a tarihin aikin ɗan sanda da tsarin mulkin ƙasa da kuma yadda ake sarrafa kalmomin haƙuri da ƙaddara.

1.0 Gabatarwa

Ranar 1 ga Agusta, 2024, matasa suka fito a garuruwa da dama na Nijeriya domin nuna ƙin amincewa da tsadar rayuwa, wadda ta tsananta bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A Dutse lamarin ya rikiɗe, aka banka wa sakatariyar jam'iyyar APC wuta, aka wawashe dukiyar gwamnati, har Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita ta sa'a 24. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, ta kuma ɗora alhakin kisan a kan 'yan sanda. Rundunar ta musanta, ta nemi ƙungiyar ta janye rahoton.

Da aka gurfanar da ƙananan yaran da aka kama a zanga-zangar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wasu suka yanke jiki suka faɗi, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Waɗanda suka mutu ba su sami irin wannan kulawa ba. Abin tambaya shi ne: me ya sa wani zalunci ke motsa hukuma, wani kuma ya bi gawa kabari?

2.0 Daga Dogari zuwa Ɗan Sanda

Harshen Hausa ya adana tarihin wannan aiki cikin sunaye uku. Dogari bawan sarki ne ko baransa, mai tsaron fada da kamo mai laifi. Ɗan doka ya zo a shekarun 1920, lokacin da Turawa suka yi wa dogarai garambawul a ƙarƙashin En'e. Ɗan sanda kuwa sunansa ya fito daga abin da yake riƙe da shi a hannu. Sunan farko ya jingina jami'in ga sarki, na biyu ga doka, na uku ga makamin duka, babu wanda ya jingina shi ga talakan da ake cewa yana karewa.

Tushen rundunar ta yau yana da alaƙa da wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka. A shekarun 1860 Turawan Ingila suka kafa wata runduna a Legas wadda akasarin dakarunta masu jin Hausa ne, daga baya aka san ta da sunan Rundunar Hausa. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare baƙo, Bature yana sama yana ba da umarni, ta yadda mai riƙe da sanda ba shi da dangi a cikin waɗanda zai daka. A 1930 aka haɗe rundunonin Arewa da Kudu suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya. Tekena Tamuno ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1970.

Ƙasar Dutse a wancan zamani tana ƙarƙashin En'en Kano, don haka 'yan doka ne talakawanta suka fi sani, musamman wajen karɓar haraji da jangali. A shekarun 1950 magoya bayan NEPU sun sha kamu da duka a hannunsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bisa shawarar kwamitin Gobir na 1966, ta narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. An raba ɗan sanda da fada, amma an kuma nisanta shi da duk wata hukuma ta kusa da talaka zai iya kai wa kuka.

3.0 Launin Fata a Amurka, Matsayi a Jigawa

Ranar 25 ga Mayu, 2020, wani ɗan sanda farar fata, Derek Chauvin, ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a birnin Miniyapolis har ransa ya fita. Wata yarinya ta ɗauki abin da wayarta. Likitoci suka binciki gawar, aka yi shari'a a bainar jama'a, a 2021 aka yanke wa Chauvin ɗaurin shekara 22 da rabi. Abubuwa huɗu ne suka haɗu: hoton bidiyo, da binciken gawa, da kotu, da kuma wata fassara da jama'a suka riga suka yarda da ita, wato cewa baƙar fata ya daɗe yana shan wulaƙanci a hannun hukuma tun zamanin bauta.

A Jigawa mai harbi da wanda aka harba launinsu ɗaya, sau da yawa ma harshensu da addininsu ɗaya. Jihar ta samar da Sufeto-Janar biyu, Hafiz Ringim daga 2010 zuwa 2012 da Suleiman Abba, ɗan Gwaram, daga 2014 zuwa 2015. Saboda haka ba za a ce rundunar ta wasu ce can ba. Iyakar da ke raba mutane a nan ita ce ta matsayi, tsakanin mai uwa a gindin murhu da wanda ba shi da kowa. Ɗan acaɓa da ɗan kasuwar ƙauye da matashi maras aikin yi su ne suka fi haɗuwa da shingen bincike da kulki. Haka nan akwai laƙabin da ke sauƙaƙa zubar da jini. Da zarar sanarwar hukuma ta kira wanda ya mutu "ɗan daba" ko "ɓata-gari", an riga an yanke masa hukunci, tausayin jama'a ya ragu, danginsa ma su ji kunyar ɗaga murya. Aikin da launin fata ke yi a can, wannan laƙabi yana yin makamancinsa a nan.

4.0 Shekarar 2020 da Kwamitin da Ba a Kafa Ba

A makonni biyu na farkon kullen korona, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. A watan Oktoba zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, aka rushe rundunar SARS ranar 11 ga watan, aka yi harbin Lekki ranar 20. A Arewa kuwa Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta nuna cewa gyara rundunar ya fi rushe ta, bisa hujjar yaƙi da 'yan bindiga. Daga nan wasu suka ɗauka cewa Arewa ba ta da ƙorafi. Abin da ya faru a Ƙofar Mata ta Kano a cikin watan ya ƙaryata wannan zato, domin matasa sun tare hanya sun ƙona tayoyi bayan mutuwar wani saurayi da 'yan sanda suka kama.

Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a domin sauraren koke-koke a kan 'yan sanda. Mafi yawan jihohi sun kafa. Jigawa na cikin jihohi bakwai da ba su kafa ba, tare da Kano da Borno da Yobe da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ma'anar wannan ita ce mutumin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu da ke da kuka bai sami zauren da za a rubuta kukansa ba. Rashin rubutaccen ƙorafi kuma sai ya koma hujja a hannun masu cewa babu matsala.

Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. An kashe manoma a Bakolori a watan Afrilun 1980, da ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayun 1986, da Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a ƙarshen Yulin 2009. Na ƙarshen ya nuna tsadar kisa ba tare da shari'a ba, domin ya zama abin kafa hujja ga tayar da ƙayar bayan da ta laƙume dubban rayuka.

5.0 Abubuwan da ke Danne Ƙara

Na farko shi ne gaggawar jana'iza. Musulunci ya kwaɗaitar da a hanzarta suturta mamaci, iyalai da yawa kuma ba sa son a taɓa gawar ɗansu da wuƙa. Kafin rana ta faɗi an kai shi makwanci, babbar shaidar da kotu ke buƙata ta tafi tare da shi. Ba a cika bayyana wa iyalai cewa likita na iya duba rauni ya rubuta rahoto cikin ɗan lokaci ba.

Na biyu shi ne sulhu. Akan aiko tawagar ta'aziyya da buhunan abinci da 'yan kuɗi, dattawa su sa baki, a ce a bar wa Allah. Mahaifin da ya dage sai a ga kamar bai karɓi ƙaddara ba.

Na uku shi ne tsarin mulki. Sashe na 214 na kundin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Kwamishinan da ke Dutse yana ƙarƙashin Sufeto-Janar, ladabtar da manyan jami'ai kuma aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne a Abuja. Ƙari a kan haka, sashe na 33 da ya tabbatar da 'yancin rayuwa ya keɓe wasu halaye, ciki har da kare dukiya da kama mai laifi da kwantar da tarzoma. A rana irin ta 1 ga Agusta, da aka yi ƙone-ƙone, wannan keɓewa kan zama rigar da ake lulluɓe kowane harbi da ita, alhali sashen ya shardanta cewa ƙarfin da aka yi amfani da shi kada ya wuce abin da hali ya tilasta. Tantance hakan aikin kotu ne. Akwai kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sai dai doka ba ta aiki sai an kai ƙara, ƙara kuma tana cin kuɗi da shekaru. Shari'ar mutum shida da aka kashe a Apo ta Abuja a 2005 ba ta kai ga hukunci ba sai a 2017.

6.0 Haƙuri, Ƙaddara da "Allah Ya Isa"

Haƙuri babban ginshiƙi ne a tarbiyyar Bahaushe, har ana kiransa maganin zaman duniya. Sai dai kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai haƙuri da hukuncin Ubangiji, wato juriya a kan rashi, akwai kuma haƙura da haƙƙi, wato janye ƙara. Mai ta'aziyya yana nufin ta farko, wakilin hukuma kuwa yakan so a ji ta biyu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Dutse bai haɗa su ba. Ya ba magada matsayin masu jini, ya tanadi ƙisasi da diyya da afuwa gwargwadon nau'in kisan. Afuwa kuwa tana zuwa ne bayan an san wanda ya yi kisan kuma laifi ya tabbata a kansa. Yafewar da aka nema kafin bincike ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Inda aka toshe hanyar ƙara, fushin yakan fita ta kalmar "Allah ya isa". A zahiri addu'a ce, amma a aikace ɗaukaka ƙara ce zuwa kotun da ba a saye, tare da shelar cewa mai maganar bai yafe ba, kuma ya yanke ƙauna daga adalcin hukuma. Bahaushe yana tsoron wannan kalma, shi ya sa ba a furta ta da wasa. Yawaitarta a shirye-shiryen rediyo na kiran waya da shafukan Facebook bayan kowane kisa ma'auni ne na fushin da alƙaluman hukuma ba sa nunawa. Haɗarin shi ne fushin da bai sami zaure ba yakan taru, ranar da ya fashe kuma ba ya zaɓen inda zai faɗa.

7.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa shirun ƙasar Dutse bayan mutuwa a hannun jami'an tsaro ya samo asali daga rundunar da aka gina nesa da jama'a, da rashin zauren sauraren koke, da kuma karkatar da ma'anar haƙuri. Gyaran da ke hannun jiha ba ya jiran sauya kundin tsarin mulki. Gwamna na da ikon kafa kwamitin bincike na shari'a a kan abin da ya faru a watan Agustan 2024. Malamai da likitoci na iya fitar da matsaya ɗaya a kan duba gawa kafin jana'iza. Masarautar Dutse na iya shardanta cewa ba za a yi sulhu a kan rai ba sai an rubuta abin da ya faru. Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki a gaba: tattara kalaman ta'aziyya da na sanarwar 'yan sanda da na kafafen sada zumunta a Dutse da Birnin Kudu da Gwaram, domin a ga yadda kowane ɓangare ke kiran mamacin da kuma sunan da yake ba mutuwarsa.