Jirgin Dare da Tafiyar Mai Ƙaramin Ƙarfi: Daga Layin Kano zuwa Taragun Rasha

Tafiya mai nisa tana cin kuɗin matafiyi ta fuska uku, wato kuɗin abin hawa, da na masauki, da na abinci, kuma duk wata dabarar tafiya cikin araha ba ta wuce ƙoƙarin rage ɗaya daga cikin ukun nan, ko haɗa biyu su koma ɗaya ba. Jirgin ƙasa mai tafiyar dare ya fi kowane abin hawa cika wannan buƙata, domin wanda ya sayi tikitinsa ya biya kuɗin hanya da na makwanci a lokaci guda. Wannan ne ya sa matasa masu yawon buɗe ido da jaka ɗaya a baya suka daɗe suna zagaya biranen Rasha a jiragen dare, kuma shi ne abin da fataken ƙasar Kano da 'yan ci-raninta suka mora shekaru da dama a kan layin dogon da ya haɗa Kano da Legas, wadda magabata suke kira Ikko.

An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, sa'an nan a 1907 Turawan mulkin Arewa suka soma nasu layin daga Baro, a bakin kogin Kwara, wanda ya isa Kano a 1911. Layukan biyu sun haɗu a Minna a 1912, amma sai da aka kammala gadar Jebba wajen 1916 jirgi ya daina tsayawa a bakin ruwa ana fiton taragunsa. Tsawon layin ya kai kilomita 1,126, faɗinsa kuwa, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu, milimita 1,067 ne, wanda ake kira ƙaramin layi. Ƙarancin faɗin nan, tare da yawan kwana-kwanar da aka yi wa hanyar domin rage kuɗin gini, su ne suka hana jirgin gudu tun farko.

Dogon bai ratsa garuruwan Rano ko Kibiya na ƙasar Kano ba, domin daga Zariya ya bi ta yamma da su ya nufi Madobi da Chalawa, saboda haka mutumin ƙauyen Lausu na yankin da ya yi niyyar Kudu sai ya fara kama hanyar Bunkure ya isa birni tukuna. Duk da haka, jirgin ya taɓa rayuwar yankin tun daga gona. Turawa sun yi fatan jirgin zai riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan kasuwa ta ƙi ana iya ci a gida, har abin da aka fitar daga Najeriya ya haura tan 19,000 a 1913. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji maƙwabciyar Rano, ya fara da fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma buhunan da irinsa suka tara ne suka zama dalar gyaɗa a kusa da tashar Kano. Jirgin da ya sauka da gyaɗa da fatu da shanu shi ne yake hawowa da huhunan goro da gishiri da kananzir, a tsakiyar kayan kuma akwai mutane.

Yawancin waɗannan mutane 'yan ci-rani ne, wato manoman da suke barin ƙauye bayan girbi su tafi neman kuɗi har zuwa faɗuwar damina, tare da ƙananan fatake da almajirai. Tarago mafi araha, mai bencin katako, shi ne nasu, kuma araharsa ba ta cika sai an haɗa da abubuwa biyu da Bahaushe ya gada tun zamanin ayari. Na farko shi ne guzuri, abincin da ake zaɓa saboda ba ya lalacewa da wuri, kamar ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi da garin kwaki da curin fura, a ƙulle cikin ƙyalle tare da buta da tabarma. Na biyu shi ne zango, wato unguwar baƙi 'yan Arewa a garuruwan Kudu, irin Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916 da unguwar Hausawa ta Agege, inda mai gida, wanda shi ne mai masauki kuma dillali, yake ba baƙo wurin kwana ya sami ladansa daga cinikin da baƙon ya yi. Da wannan tsari mutum yana iya ratsa Zariya da Kaduna da Zungeru da Ilori da Oshogbo, yana sayen dafaffen ƙwai ko rake ta taga, yana sallar ƙasaru a gefen dogo idan jirgi ya tsaya, ya isa bakin teku bai taɓa jarinsa ba.

Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 a 1964, amma rashin gyara da bunƙasar manyan motoci suka durƙusar da ita, har adadin ya gaza miliyan 2 a 2003. Da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a Disambar 2012, tikiti mafi araha bai kai naira 2,000 ba, sai dai a lokacin jirgin sau ɗaya yake tashi a mako daga kowane ɓangare, tafiyar kuma takan haura awa 30. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma ga ɗan kasuwa mai kayan gwari, jinkirin yini guda yana iya cinye ribar da sauƙin tikiti ya kawo.

A nan ne misalin Rasha yake da amfani, domin can an gina jiragen nesa a kan tunanin cewa talaka ma zai kwanta. Taragon kwana mafi araha shi ne wanda suke kira platskart, dogon ɗaki marar ƙofofi a ciki mai gadaje 54, huɗu-huɗu a lunguna suna fuskantar juna, biyu-biyu kuma a gefen hanyar wucewa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gadon ƙasa yana da akwati a ƙarƙashinsa, wanda ba ya buɗuwa sai mai gadon ya tashi, don haka kayansa suna cikin aminci muddin yana kwance. Sama da platskart a daraja akwai kupe, mai ɗakuna na mutum huɗu da ƙofar da ake kullewa. Kowane tarago yana da ma'aikacinsa, galibi mace, wadda take duba tikiti da fasfo a bakin ƙofa, ta raba zanen gado, ta tayar da mai barci kafin tasharsa. A ƙarshen taragon akwai tukunyar ruwan zafi ta kyauta, kuma da ita fasinjoji suke haɗa shayi da jiƙa taliyar da suka zo da ita, ga burodi da dafaffiyar kaza a cikin jaka, abin da yake nuna cewa su ma guzuri suka dogara da shi.

Tazarar biranen ta dace da dare ɗaya. Tsakanin Mosko da Sen Pitasbag kimanin kilomita 650 ne, kuma sanannen jirgin da ake kira Jar Kibiya, wanda ya fara aiki a 1931, yana tashi saura minti biyar sha biyun dare ya isa da safe. Haka ma Kazan, babban birnin Tatarstan mai yawan Musulmi, dare guda ne daga Mosko. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yini yana kallon gari, ya kwana a jirgi, ya wayi gari a wani birni, ya ajiye jakarsa a ma'ajin tasha, ta haka ya ga birane da yawa ba tare da ya biya otal ba sai jefi-jefi. Abin da yake riƙe da wannan tsari shi ne cika lokaci, domin jiragen sun shahara da isa a kan minti, ko da a layin Saibiriya mai kilomita 9,288 zuwa Vladivostok, kuma har zuwa 2018 agogon Mosko ake bi a jadawalin kowace tasha duk da bambancin lokacin yankuna.

Najeriya tana shimfiɗa babban layi mai faɗin milimita 1,435, an buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Legas zuwa Ibadan a 2021, a shekarar da aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Jiragen da suke bin sababbin layukan na zama ne, masu gajeren zango, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya nuna cewa tafiyar dare ba za ta yiwu ba sai da tsaron hanya. Lissafin dai a fili yake, domin jirgin da yake cin kilomita 100 a awa zai haɗa Kano da Legas cikin awa 12 ko kusa da haka, wato daga magariba zuwa fitowar rana. Idan aka haɗe layukan, aka tanadi taragun kwana masu sauƙin kuɗi, aka kuma tsare lokacin tashi da isa, ɗan ci-rani daga Lausu ko Kibiya zai sake samun abin da kakanninsa suka samu, tare da ƙarin gado da ragin dare guda a hanya.