Aikin Yanar Ido

Da hutun da ya wuce na raka kakata daga Gwallaga zuwa Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aka cire mata yanar ido, a ranar muka komo gida.

Kafin aiki sai an auna jini da sukari, a kuma gaya wa likita duk maganin da ake sha. Idon kaɗai ake kashe wa zafi, aikin bai kai awa guda ba.

Sauran jinya a gida take. A ɗiga magani kan lokaci, kada a murza idon, a kiyaye shi daga ƙura da ruwan wanka, gama ƙwayar cuta tana iya makantar da shi. In ciwo ya tsananta, a koma asibiti nan da nan.

To, 'yan'uwa, ku gaya wa tsofaffinmu.