Daƙiƙa 15 a TikTok, minti 45 a kunne: kundin da “Space Song” ta fito daga cikinsa

Idan kana hawa TikTok ko Instagram, da wuya a ce wannan sautin bai taɓa ratsa kunnenka ba. Wani kiɗa ne mai sanyi da ake ɗorawa a bidiyon ɗan fim Pedro Pascal yana dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka. Daga nan kowa ya ɗauka: wanda budurwa ta juya wa baya, wanda ya ga sakamakon jarrabawa, har wanda datarsa ta ƙare ana tsakiyar hira. Sunan waƙar “Space Song”, kuma a 2021 ta mamaye TikTok, shekara shida bayan fitowarta.

To amma fa abin da muke ji ɗin gutsure ne kawai. Ita waƙar ta haura minti 5, kuma ita ce ta uku cikin waƙoƙi 9 da ke kundin Depression Cherry na mawaƙan Beach House.

Mutum biyu ne Beach House: Victoria Legrand, mai rerawa da kaɗa kibod, da Alex Scally mai jita. Sun haɗu a birnin Baltimore na Amurka a 2004. Ita Victoria a Faris aka haife ta, kuma gidansu na kiɗa ne, domin Michel Legrand, shahararren mai tsara kiɗan finafinai na Faransa, ɗan’uwan mahaifinta ne. Salonsu reshe ne na indie rock da ake kira dream pop, wato kiɗan da ke tafiya a hankali, murya na iyo a cikinsa kamar mutum yana tsakanin barci da farke.

Depression Cherry shi ne kundinsu na biyar. Ya fito ranar 28 ga Agusta, 2015, a ƙarƙashin Sub Pop, kamfanin birnin Seattle da ya fitar da kundin farko na Nirvana a 1989. A wani situdiyo da ke garin Bogalusa a jihar Louisiana suka naɗe shi tare da furodusa Chris Coady. Kafin nan, kundinsu Bloom na 2012 ya ɗaga su sosai, sun fara cika manyan wuraren taro, kiɗansu ya ƙara ƙarfi. Wasu da sai su ƙara wuta. Su kuwa sai suka ja da baya, suka rage ganguna, suka koma wa ’yar na’urar kiɗa irin wadda suka fara da ita. Hatta bangon faifan ba hoto a jikinsa, jan karammiski ne kawai.

Ga yadda tafiyar take. “Levitation” ce ke buɗe ƙofa da sauti guda da ke tasowa sannu-sannu, har ka ɗauka wayarka ce ta maƙale. Ba ta maƙale ba, haƙurinka ake gwadawa. Sai “Sparks”, wadda ta fi kowacce kaushi, jitar tana ƙara kamar rediyon da bai kama tasha daidai ba. Daga wannan hayaniyar ne “Space Song” ke shigowa, kuma a nan za ka gane abin da TikTok ya yanke maka: sanyin nata ya fi shiga jiki idan ka fito daga ƙurar da ke gabanta. “PPP” tana farawa da magana a hankali kafin rerawa, ta ƙare da jita mai maimaita kanta. “Days of Candy” kuwa, ta rufewa, muryoyi ne jere a kan juna, sai can an yi nisa kiɗa ya biyo baya.

Gaskiya, ba kowa zai so shi ba. Wani zai ce duk waƙoƙin iri ɗaya ne, kuma a sauraron farko yana da hujja. Babu amshin da za ka yi rawa da shi, babu wurin da kiɗa ke fashewa. Turancin ma ba ko’ina ake tsinkayarsa ba, domin an nutsar da muryar cikin kiɗan da gangan. Bambancin yana cikin ƙananan abubuwa, kuma ƙananan abubuwa ba sa bayyana ga wanda babban yatsansa ke kan allo.

Nan ne abin ya shafe mu. Mun saba da cin ɗanɗano mu wuce, har ta kai idan abu bai kama mu cikin daƙiƙa uku ba, mun tura shi sama. Kundin da aka jera waƙoƙinsa da niyya yana neman abin da ya fara yi mana wuya: zama da abu guda har ƙarshensa. Wanda ya kasa ba kiɗa minti 45, anya zai iya ba littafi awa ɗaya, ko ya saurari aboki mai damuwa ba tare da leƙa waya ba?

Wani abu kuma. Kalmar farko a sunan kundin tana nufin ciwon damuwa, kuma da yawa suna kunna shi ne idan zuciya ta yi nauyi. Ba laifi, amma waƙa abokiyar zama ce, ba magani ba. Idan ƙuncin ya ɗauki makonni yana hana ka barci ko cin abinci, ka faɗa wa wani naka, ka ga likita.

Shawarata mai sauƙi ce. Sauke kundin lokacin da kake da data, ka kashe intanet, ka sa iyafis, kada ka bari waya ta cakuɗa maka jerin waƙoƙin. Fara daga ta ɗaya. Idan ka kai ta uku, ka ji ko har yanzu ita ce waƙar da ka ɗauka ka sani.