Tafintan kwamfuta

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. 0 da 1 kaɗai ta sani. Masu ba ta aiki suna rubutu da wasu harsuna, kamar Fortran ko C. Wani tafinta da ke cikinta shi ke juya mata.

A kasuwar Dogon Dutsi, wani tafinta yakan ja magana, wani ya gajarta. Na kwamfuta ma haka suke. In za a gwada su, sai a rubuta lissafi ɗaya da harsuna biyu, a ba inji ɗaya, a dubi agogo.

Da Fortran ya fito a Amurka a 1957, gwanaye sun ce juyin tafinta ba zai yi saurin wanda suke yi da hannu ba. Da aka gwada, kaɗan ya rage ya kamo su.