Inji na Zaune, Jama'a na Jira

Daga cikin larurorin da kan sami rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da banki ko kamfanin waya ke tsare lissafin jama'a a cikinta, babu wadda ta fi ruɗar da mai kula da shi kamar a wayi gari aiki ya tsaya cik, alhali kwamfutar da ke ɗauke da rumbun tana zaune lafiya lau, ko gumi ba ta yi ba. Galibi sai shugabanni su yanke hukuncin a sayo inji mafi ƙarfi, wanda kuwa asarar dukiya ce, domin illar tana wani wuri dabam.

Asalin mas'alar kulle ne. Duk ma'amalar da za ta canja wani layi na lissafi, a ce cire kuɗi daga asusun wani, wajibi ne ta kulle layin har ta kammala, don kada wata ta sa hannu a tsakiyar aiki lissafi ya dagule, bisa ƙa'idar da Jim Gray da abokan aikinsa na IBM suka bayyana a 1976. Kullen kansa rahama ne. Fitina na tasowa sa'ad da mai riƙe da shi ya daɗe bai saki ba, na biyu ya tsaya jiransa yana riƙe da nasa kullen, na uku kuma ya tsaya bayan na biyu, har layi ya miƙe.

Saboda haka mai bincike yakan yi irin aikin malamin hadisi da isnadi: ya bi silsilar, wane na jiran wane, har ya isa ga wanda ba ya jiran kowa. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, pg_stat_activity na nuna halin kowace ma'amala, pg_blocking_pids kuwa, tun fitowar siga ta 9.6 a 2016, na faɗin wanda ya tare hanya. Abin mamaki, sau da yawa akan tarar na kan gaban ba ya aikin komai: ko dai manhaja ce ta buɗe ma'amala ta tafi jiran amsa daga wata na'ura, ko kuwa ma'aikaci ne ya gyara layi da hannu, ya tashi cin abinci bai rufe ba. A MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, akwai wata illar, wato rashin fihirisa, wanda kan tilasta wa umarni ɗaya ya bi layukan teburi kaf yana kulle su.

Idan ma'amaloli biyu suka riƙe wa juna wuya, da sauƙi, don PostgreSQL na dubawa bayan daƙiƙa ɗaya ya soke guda. A jira na yau da kullum kuwa, MySQL kan haƙura da mai jira daƙiƙa 50 kafin ya sallame shi da kuskure mai lamba 1205, kuma masu ƙara wa'adin nan, a ganina, layin kawai suke tsawaitawa. Ya fi alfanu a kunna log_lock_waits na PostgreSQL, ya riƙa rubuta duk jiran da ya wuce ƙima, domin a lokacin da aka kira mai bincike, sau tari kullen ya riga ya saki, shaida ta ɓace.