Idan sunanka ya shiga bakin mutane a Guangzhou



Gidaje da yawa a zongo suna da wani nasu a Guangzhou ta ƙasar Sin. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Jinan da ke Tianhe. Wani kuma kullum yana zarya tsakanin kasuwannin waya da kwamfuta na Gangding da ofisoshin masu lodin kwantena a Xiaobei da Sanyuanli, yana saya wa mutanen gida kaya. Garin ƙato ne, amma mu a cikinsa 'yan kaɗan ne. Fuskokin da ka gani a gidan abinci su za ka tarar ranar Juma'a a masallacin da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, su ne kuma a zauren WeChat. Abin da aka faɗa a kanka da la'asar a Tianhe yakan iske mahaifiyarka a Nima ko Kumasi tun ba ta ɗora sanwar rana ba, domin Guangzhou na gaba da Akara da awa 8.

A gida, tsegumi yakan tsaya a ɓacin rai. A can abinci yake taɓawa. Wanda ke saya wa mutane kaya ba shi da shago, ba shi da gona, jarinsa kawai shi ne a ce wane mai amana ne. Alhaji a Kantin Kwari ko kasuwar Kumasi zai tura masa kuɗin kwantena guda bai taɓa ganin masana'antar ba. Ranar da aka raɗa wa Alhajin cewa yaron nan yana ƙara kuɗi a rasit, ba lalle ya tambaye shi ba. Sai dai yaron ya ga waya ta daina ƙara.

Saboda haka wanda ya ji ana yi da shi, ya fara tantance wace irin magana ce. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya raba abin biyu: in abin da aka faɗa yana tare da mutum, giba ce, in babu shi, ƙage ne. Ta fuskar abin yi kuwa, a ganina rabon da zai amfane ka shi ne tsakanin maganar da ta tsaya a girman kai da wadda ta taɓa amana ko takardu.

Ta farko ita ta fi yawa. Wai ya cika rowa, wai tun da ya koyi Sinanci yake ɗaga kai, wai matarsa ce ke juya shi. Wannan a bar ta. In ka bi ta kana ƙaryatawa, ka ƙara mata kwana ne, ka kuma sanar da waɗanda ba su ji ba.

Ta biyu ba a yi mata shiru. In an ce ka ci kuɗin wani, kada ka shiga zaure mai mutum ɗari biyu kana rantse-rantse. Nemi mai kuɗin shi kaɗai, ka ajiye masa rasit na masana'anta, takardar lodi da hoton tura kuɗi, gani ya kori ji. In ta ƙi ƙarewa, a zauna gaban dattawa biyu ko shugaban ƙungiyar 'yan ƙasarku, a yi ta sau ɗaya. Muna da madogara a nan. Wata rana da dare Manzon Allah (SAW) yana raka matarsa Safiyya daga masallaci, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya gaya musu ko wace ce, don kada zato ya samu mazauni a zukatansu. In shi ya kawar da zato da bakinsa, ba ƙasƙanci ba ne ɗan kasuwa ya buɗe littafinsa. Wanda ba ya ajiye rasit kuwa, tun yau ya fara.

Maganar takardu ta fi haɗari. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kan kowace rana da mutum ya wuce wa'adin bizarsa, har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Kenan wanda ya ce da wasa a wurin shan shayi bizar wane ta mutu, ba hira ya yi ba. Ba mu manta watan Afrilun 2020 ba, lokacin korona, yadda aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi. Inda baƙo ke zaune a kan zato irin wannan, raɗe-raɗin da ya fito daga bakin ɗan uwansa ya fi saurin samun masu saye. In an yi maka irin wannan kuma takardunka lafiya suke, ka nuna wa mai gidan hayarka da abokan cinikinka, ka riƙe takardar rajistar masauki kusa.

Sai a kula da fushi. Saƙon WeChat minti biyu kawai ake iya janye shi, bayan nan zarar bunu ce. Dokar Sin tana hukunta zagi da ɓata suna, har da tsarewa na kwanaki, kuma tun 2017 wanda ya buɗe zaure yana da alhakin abin da ake watsawa a ciki. Wanda aka zalunta ya mayar da martani da ashar cikin saƙon murya, sai a wayi gari shi ne mai laifi a rubuce. In zuciya ta tafasa, ajiye wayar, yi alwala, kwana a kai.

Akwai kuma mai kawo maganar, wanda yakan zo da fuskar masoyi. Imam Gazali a Ihya'u ya lissafa abin da ya wajaba a kan wanda aka kawo wa annamimanci, daga ciki: kada ya gaskata, ya hana mai kawowar, kada ya shiga bincike, kada kuma shi ma ya kai ta gaba. Ni dai nakan so a tambayi irin wannan aboki: da ake faɗa, kai me ka ce?

Iyaye, rabin maganar nan taku ce. Ɗanku a can yana iya jure bakin abokan aiki, abin da ke karya shi shi ne ya kira gida ya ji murya ta sauya. In labari ya zo cewa ya lalace ko ya ci amana, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da tabbatarwa tukuna. Ku kira shi da kanku, ku tambaye shi ba da sigar tuhuma ba, kafin maganar ta je gidan surukai ko fadar sarkin zongo. In ta tabbata gaskiya ce, a yi gyara a cikin gida, a biya mai haƙƙi.

Abu mafi wuya shi ne zama da mai gulmar bayan ƙura ta lafa, domin a Guangzhou ba za ka guje masa ba, watakila ma kwantena ɗaya kuke haɗawa. Lokacin da aka yi wa Nana A'isha ƙazafi, kusan wata guda Madina tana cikin maganar kafin Suratun Nur ta wanke ta. Cikin masu yaɗawa har da Misɗahu, ɗan uwan Sayyidina Abubakar, matalaucin muhajiri da Abubakar ɗin ke ciyarwa. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Aya ta 22 ta sauka tana kiran masu hali su yafe, sai ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Wannan ba ya nufin ka sake gaya wa mutumin sirrinka ko ka ba shi ajiyar kuɗi. Amma in an tsare shi ko ya kwanta asibiti ana karo-karo, ka sa naka.