Yaranmu Da Aikin Tsaron Kuɗin Jama'a

'Yan'uwa, ba mu manta da watan Disamba na 2016 ba, lokacin da MMM ta kulle kuɗin mutane ana cikin shirin Kirsimeti. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX ta rushe. Kuɗin makaranta da na taki da na adashe sun tafi. Kullum mukan ce, ina hukuma take? Amma mun taɓa tambayar kanmu su wa za su yi wa hukumar aiki gobe?

Tsaron kuɗin jama'a yana wuyan hukumomi kamar Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, da NDIC mai inshorar kuɗin ajiya, wadda aka kafa a 1988, da SEC mai lura da kasuwar hannun jari. Bankuna suna aika rahoto a kai a kai: bashin da suka bayar, wanda aka kasa biya, da kuɗin da ke hannu. Alƙaluman sun fi ƙarfin biro da takarda. Shi ya sa ake bukatar masu ilimin tace bayanai da kwamfuta.

Ƙofar shiga kuwa a gida take. Hukumar ITF, mai hedkwata a Jos, ta fara shirin SIWES a 1973, domin ɗalibi ya bar aji ya koyi aiki da hannunsa, sau da yawa har wata 6 ga na jami'a. Yaro mai karatun ƙididdiga, lissafi ko kwamfuta, in ya sami wuri a ofishin da ake irin wannan aiki, zai fara da gyaran alƙaluma: ya cire maimaici, ya nemo kuskure, da Excel ko Python. Sannu a hankali idonsa zai buɗe. Zai gane asusun da dubban mutane ke zuba wa kuɗi ana kwashewa nan take, ko bankin da bashinsa ke ruɓewa. Lambar BVN da aka fito da ita a 2014 ta sa ana iya gane asusun mutum ɗaya a bankuna dabam dabam. Rigakafi ai ya fi magani.

To, iyaye, ga namu. Kada mu nema wa yaro inda za a sa masa hannu a littafi yana kwance a gida. Ya karɓi wasiƙar makaranta da wuri, ya nema a wurare da yawa, gama masu nema sun fi guraben yawa. In nesa ne, mu haɗa masa kuɗin mota da masauki.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Abin da ya gani a ofis asiri ne, ko mu da muka haife shi kada mu tambaye shi. Yaron da ya iya riƙe bakinsa da hannunsa na wata 6, shi za a ba tsaron ajiyar gwauruwa gobe.